Ƙafa Uku da Murfin Kwalba

Ranar Asabar da hantsi jikata Mansura ta kunna na'urarta. Maimakon tsuntsun nan mai tumbi da ke fitowa kullum ya gaishe mu, sai ga wasu ƙarti cikin gajeren wando suna gudu bayan ƙwallo. Ina zaune a bencina na bakin butik, wato shagonta, ina ɓarar gyaɗa, Rabi mai fanke tana ba ni labarin wani saki da aka yi a layinsu. Ba ta kai ƙarshe ba. Wannan ma yana cikin abin da nake riƙe da ɓarawon.

"Kaka, wannan ba tawa ba ce," in ji Mansura. "An canja mini ita."

Bari in yi bayani yadda na gane shi, don ni Zuliha karatuna na yaƙi da jahilci ne. Na'urar baƙin akwati ce, irin ta wasan yara da ake haɗawa da tele. Mansura ta saye ta matacciya a kasuwa. Ita da Kalibu mai gyaran gurup, wato injin wuta, suka farke cikinta, suka canja mata rumbun ajiya, suka ƙara mata fanka, sannan ta zuba mata wani abu wai shi Linuks. Ta ce mutanen duniya ne suka haɗu suka rubuta shi, suka ce kowa ya ɗauka kyauta, ya gyara, ya ba na gaba. Ni ban yarda akwai irin waɗannan mutane ba, amma dai abin wasa ya zama ordinata, wato kwamfuta, muna kallo. Da ita take zuba wa mutanen Sabon Garin Maraɗi wa'azi da waƙa da hotunan biki a katin salula, wato wayar hannu.

Ubanta Hafizu bai taɓa son sana'ar ba. Ba ɗan farina ba ne, don haka ina da bakin faɗin sunansa da halinsa. Ya ce ran da akwatin nan ya tsaya, ranar za ta kulle butik ta bi shi garkarsa, wato lambunsa na Jiratawa, tsinkar zogale. Shekarar kuwa ta yunwa ce, hatsi ya yi tsada, sojoji sun karɓi mulki da ƙarshen sanyi, kowa zuciyarsa a wuya take. Ba wanda zai ce masa ya ƙara haƙuri.

Kafin gyaɗata ta ƙare an cika ƙofar butik. Kwaɗo lafiya lau, taga lafiya lau. Wata ta ce aljanu. Wani ya ce aljanu ba sa barin sabuwar na'ura da ledarta a jiki. Wani kuma ya yi ƙasa da murya ya ce makulli biyu ne, ɗaya wurin yarinyar, ɗaya wurin Kalibu da ke ajiye gurup ɗinsa a ciki. Yadda ya ja sunan na san ba makullin ne ya dame shi ba, majami'ar da yaron yake zuwa ran Lahadi ce.

Mun je komisariya. Ɗan sandan ya saurare mu, ya ce, "Wato an ɗauke tsohuwa an bar muku sabuwa? Hajiya, in ɓarawon ya dawo ki kwatanta masa gidana."

Mansura ta yi masa bayani cewa sababbin an toshe musu ƙofar da Linuks ke shiga, ba abin da suka iya sai ƙwallo da harbe-harbe, kuma duk aikin mutane yana cikin tsohuwar. Ya yi hamma. Na ja hannunta muka fito kafin in faɗi abin da zai sa a kwana da ni a can.

Da yamma Hafizu ya aiko: ta haɗa kayanta, in ya shigo gari zai tafi da ita.

* * *

Washegari na hau kabu-kabu sai Tsibiri, wurin Gado mai bin sawu. Tun ina amarya ake kiransa in an kore shanu. Yanzu ya tsufa, ya bushe kamar kara, amma idon yana nan, kuma taurin kan ya ƙaru.

"Ni abin da ke da ƙafa nike bi," in ji shi, bai ko ɗago daga igiyar da yake tufka ba. "Akwati ba ya tafiya."

"Yana da ƙafa. Huɗu ma."

"Zule, ba ki bar ƙarya ba har yau?"

"Kai ma ba ka bar rowar tabarma ba. Tun ɗazu nake tsaye."

Sai da na ci tuwon gidansa na yaba miyar da ba ta da gishiri kafin ya ɗauki sandarsa.

A butik ya kori kowa, har ni, amma na tsaya a bakin ƙofa. Mansura tana ɗora na'urar ne kan faranti cike da rairayi mai laima, kamar yadda ake yi wa randa, don zafin Maraɗi ba ya barin ta ta yi aiki. Gado ya sa ta ɗaga sabuwar a hankali. Ya durƙusa ya zuba wa rairayin ido har na fara jin barci.

"Dabba biyu sunka kwanta nan," ya ce. "Ɗaya lafiyayya. Ɗaya gurguwa."

Mansura ta yi dariya, ta farko tun jiya. Ta ce ƙafar roba ɗaya ta ɓace tun a kasuwa, sai ta liƙa murfin kwalbar lemo a gurbin, haƙoransa na kallon ƙasa. Ga shi nan kuwa a rairayi: ɗigo uku da wani zobe mai haƙora. Gado ya zaro tsinken kara daga hularsa, ya gwada tsakanin ƙafa da ƙafa, ya karya, ya mayar cikin hula.

"Mi taka ci?"

"Wuta, Baba."

"Wa ya san tana da gurgunta?"

"Ni da Kalibu."

Ban so jin sunan ba, don yaron ba ya wuce ni bai gaishe ni da suna ba. Kuma tun safiyar Asabar ba wanda ya sa shi a ido.

* * *

Gado ya fita layi yana tafiya kamar wanda allurarsa ta faɗi, ni ina binsa ina ba shi tarihin kowane gida, kyauta, ba ya ko godiya. Muka iso fadar su wani saurayi Maman Lawali, inda samarin unguwa ke zama ƙarƙashin bishiyar bedi suna dafa shayi suna gyara ƙasa da baki. Ni na fara gani. A cikin rairayin da ke gabansu, zobe mai haƙora ne ko'ina, ba ɗaya ba, ba goma ba.

Ban jira Gado ba. Na ɗaure gyale a ƙugu na ce, "Maman Lawali, ni na wanke ka ran da aka haife ka, yau jikata za ka yi wa sata? Duk Sabon Gari wa ya fi ku son ƙwallon tele? Fito da ita."

Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zubo murafun kwalba cike da tafi.

"Iya, dara muke yi da su. Tun bara."

Samari suka fashe. Wani ya miƙo mini shayi wai in huce. Na sha, don ba a zubar da shayi saboda fushi.

"Kuma Iya, ki yi tunani," in ji Maman Lawali. "In muna da kuɗin sabuwa, mu kai mata mu ɗauko mai baƙin allo da tsuntsu? Ko sukari karo-karo muke yi."

Da muka bar wurin Gado ya ce, "Zule, in kika ƙara riga ni magana, gida za ni." Can kuma ya ce, kamar da sandarsa yake, "Na bi ɓarayi da yawa. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki ramammiya ya ɗaure mai ƙiba a turken ba. Wanga ba mayunwaci ba ne. Tsoro yake ji."

"Tsoron me?"

Ya ci gaba da tafiyarsa. Mutumin nan in ka ba shi kunne sai ya rufe baki.

* * *

Litinin da safe sai ga Alhaji Abdulmutallib ya zo jaje. Shi ne mai ginin da butik take ciki, ɗan kasuwar hatsi, yanzu kuma yana neman kujerar konseye, wato kansila, a zaɓen da sojoji suka ce za a yi. Bara shi ne kan gaba a mitin ɗin tazarce, lokacin da ake so mai mulki ya zarce bayan wa'adinsa. Tun da aka yi juyin mulki kuwa yake rantsuwa cewa shi dama bai taɓa son abin ba, har ya canja jam'iyya da kalar hula.

Ya yi wa Mansura nasiha mai tsawo kan ƙaddara. Ya ce ta gode wa Allah, sabuwa ai ta fi tsohuwa. Sannan ya jawo mu gefe, ni da Gado.

"Ba na son ɗaukar alhakin kowa. Amma an ce an ga yaron nan Kalibu ran Asabar da sassafe, da kwali ɗaure a bayan babur, ya nufi Jiratawa."

"Wa ya gani?" in ji Gado.

"Mutane."

"Mutane ba su da sawu, Alhaji. Mutum ke da shi."

Alhaji ya yi dariya ya ce shi da kansa zai kai mu a motarsa a gama magana. Tun da ya shiga neman ƙuri'a ba ya ganin tsohuwa a hanya bai tsaya ba, mu kuwa muna morewa kafin zaɓe ya wuce. Motar nan duk gari an san ta. Tun da ya sayo ta bai yarda an cire ledar kujerun ba, in ka zauna da rana sai ka taso da zane jiƙe.

Mansura ta shiga gaba. Ni da Gado baya. Gado ya buɗe ƙofar hagu, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya. Sai ya rufe, ya zagayo ta ɓangarena ya ce in matsa.

"Ga fili can kamar filin idi."

"Rana ta fi yawa can."

Haka ya matse ni a tsakiya, ya ɗora sandarsa a kan cinyata don kada in karkata hagu, gwiwarsa mai kaifi tana sukata tun daga Sabon Gari har Jiratawa. Na zage shi a zuci da duk zagin da na sani, na ƙirƙiro sababbi. A madubi na hango Maman Lawali yana bin mu a babur. Ya ce tun da an kira shi ɓarawo a gaban fadarsa, sai ya ga fuskar na gaskiyan.

* * *

Mun sami Kalibu a garkar Hafizu, baƙi ƙirin da man inji, ya kwance famfon ban ruwa gunduwa-gunduwa. Ga kwalin a gefe. Alhaji ya nuna shi da baki. Hafizu ya buɗe da ƙafa: kan famfo ne tsoho.

"Ni na kira shi," in ji Hafizu. "Zogale na ƙonewa. Nan yake kwana tun ran Asabar. Inna, wai duk wannan taron saboda akwatin wasa ne? Tun da kun kawo Mansura ma kun rage mini tafiya."

Mansura ta sunkuyar da kai. Kalibu ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya gane abin da ya kawo mu. Ya ciro makulli daga wuyansa ya miƙa mata. Wannan ya fi mini zafi da a ce ya yi faɗa.

"Riƙe abinka, ɗana," in ji Gado. "Ku zo inuwa."

Aka taru gindin mangwaro, har da masu tsinkar zogale da suka bar aiki suka matso. Gado ya ce Alhaji ya taimaka ya buɗe ƙofar baya ta hagu. Ya ce Maman Lawali ya ara masa murfi ɗaya.

Ledar kujerar ta yi laushi saboda zafi, kuma an ɗora mata abu mai nauyi ya daɗe. Ga ɗigo uku sun lotsa. Ga zobe mai haƙora ya kusa huda ta, da ƴan ƙwayoyin rairayi maƙale a ciki. Gado ya kifa murfin a kai, ya zauna daram.

"Yara ne," in ji Alhaji. "Kullum cikin shan lemo suke a motar nan."

"Haka ne. Murfi na faɗuwa ko'ina, Zule ma shaida ce." Ya zaro tsinken karan daga hula, ya ɗora daga zoben zuwa ɗigon da ke kusa. Bai ragu ba, bai wuce ba. "Amma ban taɓa ganin murfin da ƙafa uku ke rakiya ba. Gurguwar ta hau motarka, Alhaji. Ban ga inda ta sauka ba."

Sai a lokacin na tuna abin da duk unguwa ta manta: mai gini ba ya ba da haya bai riƙe makulli ba. Na buɗe baki, Gado ya harare ni, na rufe. Da ƙyar.

Alhaji ya yi ta gyara hula. Daga ƙarshe ya zagaya ya buɗe bayan mota. Tana nan naɗe cikin buhun hatsi, kusa da tayar ajiya. Mansura ta rungume ta kamar jaririya, tana shafa murfin kwalbar.

"Ni ba sata na yi ba," in ji Alhaji. "Musanya na yi, kuma da wadda ta fi ta. Ran Juma'a da yamma, Mansura, da kika tafi suna. Na so in jefa ta rijiya, na kasa, kayan mutane ne. Gida kuma yara za su kunna."

"Me ta yi maka?" in ji Hafizu.

Ya dubi ƙasa. "Mitin ɗin bara. Yana ciki."

Kowa ya gane. Bara Alhaji ya sa an ɗauke shi hoton bidiyo a mitin ɗin tazarce, yana rawa da babbar riga, yana rera wa tazarce kirari da wata murya kamar ta ɗan akuya da aka taka wa wutsiya. Ya kawo wa Mansura ta gyara hoton, kuma shi da bakinsa ya ce duk wanda ya kawo kati ta zuba masa kyauta.

"Yanzu abokan hamayya sun fara kunna mini shi a kasuwa," ya ce. "Na ce to, in an kama gidan rediyo ai ko'ina shiru yake yi. Sojoji ma da shi suke farawa. In na ɗauke uwar, salulolin za su daina kamawa."

Mansura ta ajiye na'urar a hankali.

"Alhaji, ba rediyo ba ce. Wanda na zuba wa ya zama nasa. Shi ma yana iya ba wani, ko ina nan ko ba na nan."

"Wato bai tsaya ba?"

Ni dai ban yi niyyar komai ba. Hannuna ne ya shiga lalita ya taɓa salular da Mansura ta ba ni. Sai ga muryar Alhaji ta tashi gindin mangwaro. Maman Lawali ya ciro tasa, ya kunna. Wata mai tsinkar zogale ta kwance bakin zane ta fito da tata. Wani tsoho daga garkar da ke gaba ya ɗaga tasa sama yana cewa shi nasa har da wurin da hular ta faɗi. Alhaji ya tsaya a tsakiya, muryarsa tana zuwar masa daga gabas da yamma, ko wacce da inda ta kai a waƙar.

Hafizu bai yi dariya ba. Yana kallon ma'aikatansa ne.

"Ku duk a ina kuka samu?"

"Wurin ƴarka mana," in ji matar. "Ko wurin wanda ya samu wurinta. Wa'azin da kake ji muna sawa da safe ma nata ne. Ba ka sani ba?"

Bai sani ba. Ɗana ne, amma ran da Allah ya raba lura, yana bayan gida.

Gado ya ce Alhaji ya fara da Kalibu. Alhaji ya nemi gafararsa a gaban kowa, muryar ƙasa-ƙasa. Na ce ban ji ba, kunnena ya tsufa. Ya maimaita.

* * *

Kafin la'asar muna butik. Ba wuta, kamar kullum, Kalibu ya tayar da gurup. Mansura ta yayyafa wa rairayi ruwa, ta zaunar da gurguwar a sawunta na da, ta haɗa wayoyi. Ta kwana uku a bayan mota cikin wannan zafi, ba wanda ya san ko ta dahu. Hafizu ya biyo mu, yana tsaye a bakin ƙofa, buhun kayan Mansura da ta riga ta ɗaure yana gefen ƙafarsa.

Ta danna. Fanka ta yi tari, ta kama. Allo ya yi baƙi. Ƙananan rubutu suka fara gangarowa kamar tururuwa, suka tsaya, sai suka ci gaba. Tsuntsun ya fito, da tumbinsa da baƙar rigarsa.

Gado ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa tele.

"Ƙafar agwagwa gare shi," ya ce. "Da shi anka sace da tun jiya na gama."

Alhaji bai karɓi sabuwar na'urar ba, kunya ta hana shi. Mansura ta ce ƴan fada su riƙa zuwa suna buga ƙwallonsu a kanta. Kafin ya tafi kuma ya tsaya yana sosa ƙeya, ya tambaya ko za ta ɗauki sabon jawabinsa ta zuba wa mutane, tun da abin nata har Jiratawa yake kaiwa. Ta ce sai abin da babanta ya ce.

Hafizu ya daɗe yana kallon tsuntsun. Sannan ya sunkuya ya ɗauki buhun kayan, ya shigo da shi ciki, ya ajiye bayan ƙofa.

"A samo mata ƙafa ta kirki," ya ce.

"Kada a taɓa murfin nan," in ji Gado daga waje.

Washegari na koma bencina, na aika a kira mini Rabi mai fanke ta ƙarasa mini labarin sakin. Ta ce ai tun shekaranjiya an yi biko, matar ta koma ɗakinta, ba sauran abin faɗa. Alhaji ya nemi gafarar Kalibu, ya nemi ta Mansura. Tawa har yau bai nema ba, ni kuma ban goge komai a salulata ba.